Juma'ar Kabewa

Bayan na fita takaba ne na lura na manta muryar mijina. Fuskarsa tana nan, ga hotonta ma a jikin iƙamarsa, katin izinin zamansa a Saudiyya, da ke cikin durowa. Tafiyarsa tana nan, da yadda yake dafa bango ya cire takalmi da ƙafa ɗaya. Amma in na ce bari in tuna yadda yake sallama a bakin ƙofa, sai kalmomin su zo tsirararsu, kamar ni ce nake karanta su a takarda. Na gwada a kan sallaya, na gwada ina wanke-wanke. Muryar ba ta zo ba.

Direba ne a Abhur, can bakin teku a gefen Jidda, wajen wasu Turawa da ke zaune a irin unguwannin nan masu katanga da maigadi. Can yake kwana, ranar Alhamis da yamma ya dawo mana Balad, tsohuwar unguwar cikin gari, Asabar da safe ya koma. Wata rana yana wanke mota ya zauna a gefen taya, bai ƙara tashi ba. Aka yi masa sallah, maza suka kai shi, ni ina ɗaki. Abin da ya iso gare ni leda ce mai ɗauke da takalmansa da agogo da waya. Shi ya sa har lokacin wani sashe na zuciyata yake ɗauka yana Abhur, aiki ne ya riƙe shi.

Ban yi kuka ba. Matan gidanmu suka yi ta yaba haƙurina, har ana nuna ni ga wasu. Ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, don ba wani ciwo nake ji ina dannewa ba. Ba na jin komai. Ina cin abinci, ina barci, ina amsa gaisuwa. Da na gane muryar ta ɓace sai na ɗauko wayarsa na bincika ko ya taɓa aika wa wani saƙon murya, alhali na san bai taɓa ba. Ya sha faɗa cewa shi ba zai riƙe waya yana zuba ba kowa a ɗaya gefen ba, sai ka ce mai taɓin hankali. Kira yake yi, in ba a ɗauka ba ya haƙura.

'Yarmu ɗaya ce, a nan Jidda aka haife ta, yanzu tana aiki a wani shagon abaya a cikin kasuwa. Ita ta yi kuka har idonta ya kumbura, ni ina kallonta kamar ina kallon ruwan sama ta taga. Wata rana muna girki ta tambaye ni da Larabci ko ina kewarsa ma kuwa. Na ce ta miƙo mini gishiri. Daga ranar muka koma zaman 'yan haya biyu a ɗaki ɗaya, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan.

Sai in koma baya kaɗan, don maganar ba za ta fito ba sai da kabewa.

Turawan da yake wa aiki suna da wani biki a ƙarshen Oktoba, Halowin suke ce masa. Sai su sayi kabewa manya-manya, su ƙwaƙule cikin, su yanka mata idanu da baki mai haƙora, su kunna kyandir a ciki su ajiye a ƙofar gida. Yaransu su sa tsummokara su bi gida-gida ana ba su alawa. Da ya fara ba ni labari cewa ya yi ashe su ma suna tashe, sai dai nasu ba azumi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne washegari, da ya ga kabewar nan a jere a bakin kwandon shara. Shi ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, ba zai iya wucewa ya bar abinci a bola ba. Ya tambayi uwar gidan, ta yi mamaki, ta ce ya ɗauka.

Ranar da ya fara kawowa bai gaya mini komai ba. Na buɗe buhu na ga fuska tana yi mini dariya. Na yi a'uziyya na yi tsalle na bangaje bokiti. Shi yana zaune yana cire safa, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kabewa ta, ke 'yar Kano, ba aljani ba." Haka yake kirana in yana neman tsokana, ni kuma ina kwaikwayon Sakkwatancinsa in rama. Na kankare baƙin hayaƙin da ke ciki da daskararren kyandir, na yanke inda ya fara laushi, na yi miyar taushe. Kabewar Turawa girma ne kawai, ruwa ne tsululu ba zaƙi, sai an cika mata gyaɗa da yakuwa kafin ta zama miya. Amma ta ciyu.

A cikin buhun nan akwai tarkacen da uwar gidan ta haɗa masa da su, har da tsohuwar na'urar kallo da faifai ɗaya, an zana mutum mai kan kabewa a bayan kwalinsa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tuƙa tuwon shinkafa, ya zauna yana haɗa ta da talabijin. Wayoyi uku ake bukata, ja da fara da rawaya. Mu rawayar kaɗai aka ba mu. Hoto ya fito tar, magana babu.

Fim ne na banza, gara in faɗa tun yanzu. Wani ƙauyen Turawa ne, ranar bikin nasu, sai ga mutum mai kan kabewa, wuta tana ci a cikin kan, yana riƙe da gatari yana bin gidaje yana ƙwanƙwasa ƙofa, mutane suna gudu. Dodon da ake so mu ji tsoro agogo ne ɗaure a hannunsa, in ya juya baya kuma ga zif ɗin rigarsa har wuya. Akwai jemage da ake lilo da shi, zaren yana fitowa fili. Jinin kuwa tumatirin gwangwani ne, ko tsarma shi ba su yi ba. Akwai wani ɗan sanda mai tumbi da aka kashe, yana kwance cikinsa yana hawa yana sauka. Akwai wata mai gashi kamar gemun masara da take faɗuwa ba abin da ya taɗe ta. Ko ni da ban taɓa shiga silima ba na san an cuci wanda ya sayi faifan nan.

'Yata tana ƙarama lokacin, ta dame shi da tambayar me suke cewa. Turancinsa bai wuce na tuƙi ba, dama da hagu da jira ni nan, kuma ko ya iya ba abin da ake ji. Sai kawai ya gyara zama, daidai lokacin da mai kabewar ya isa ƙofar farko ya ɗaga hannu, ya ce da wata murya ta gajiyayyen baƙo, "Salamu alaikum masu gida. Ku buɗe mani, ruwa ɗai nika biɗa."

Daga nan labari ya zama nasa. A wajensa mai kabewar ba mugu ba ne. Bawan Allah ne mai faskare, shi ya sa yake yawo da gatari, tsautsayi ya sa wuta ta kama masa kai, yana neman wanda zai taimaka masa da kofin ruwa. Duk ƙofar da ya buga sai a ƙi buɗewa. Waɗanda suka faɗi suma suka yi don tsoro, jan abin da ke jikinsu kuma miya ce ta zube musu garin gudu. Da ɗan sandan ya tare shi da fitila, sai maigidana ya kumbura murya ya tambayi ina katin zama da Larabci, "Fen iƙama?" Ya sake ƙanƙantar da ita ya amsa, "Tana wurin kafili," wato ubangidan da ya tsaya wa baƙo ya zauna a ƙasar. A ƙarshen fim mutanen gari suka taru suka tura mai kabewar cikin wani tafkin wanka, hayaƙi ya tashi. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Don wanga ɗan abu kunka wahal da ni?" Sannan ya juyo wajen kicin ya ɗaga murya, "Ke 'yar Kano, shi an ba shi ruwa, mu a ba mu tuwo." Ni kuma zafin murhu ya ishe ni, na ce, "Ƙafarka ce ke ciwo ko hannunka?" Ban san na shiga fim ba ke nan.

Muka jefa faifan saman kwaba muka manta da shi. Da shekara ta zagayo buhun kabewa ya sake zuwa, yarinyar nan tana ganinsa ta hau kujera tana miƙa hannu, wai a sa mata Abu Kabewa. Aka sa. A shekara ta gaba dariyarmu ta sauka har wajen tsohuwar da ke zaune a ƙasanmu, wadda muke kira Hajiyar ƙasa. Ita haifaffiyar Jidda ce, kakanninta da ƙafa suka zo aikin hajji, gwiwoyinta sun daɗe da gamawa, amma ta hawo benen nan namu mai tsani kamar na rijiya don ta ga abin da ake wa dariya ba da ita ba. Ta dawo da jikokinta. Jikokin suka gaya wa yaran lungu. Abokansa da ke dako a rumbunan kaya na Khumra suka ji ana tuwo da miyar taushe kyauta, su ma suka fara shigowa mota ranar. Ba wanda ya zauna ya tsara, aka dai wayi gari Juma'ar da ke bin zuwan buhun tana da suna, Juma'ar kabewa.

Yana da dokokinsa. A rataye barguna a tagogi don ɗaki ya yi duhu, ko da rana tana tsakiya. Maza a gefen ƙofa, mata a kan gado da bayansa, yara a ƙasa. Wayoyi kuma duk a tara su a kwanon silba a kai kicin, wai haskensu yana kashe wutar kan mai kabewa. Ni nake karɓa, har ina jin daɗin ƙwace na mutanen Khumra. Saboda wannan dokar ce babu wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa, ko sau ɗaya.

Ban taɓa jin wani ya ce fim ɗin yana da kyau ba. Abin da ya faru shi ne mun san shi. Kowa ya san inda zaren jemage zai bayyana, ana jiransa, in ya fito a yi tafi. In ɗan sanda ya kwanta yara su riƙa ƙirga numfashinsa da ƙarfi. Akwai inda faifan ya karce, mai kabewa yana hawa matakala sai hoto ya tsaya cak da ƙafarsa ɗaya a sama, nan maigidana yake cewa a bari ya huta, tsufa ne, ya yi ɗan tarin nan nasa sau biyu, faifan ya ci gaba kamar tarin yake jira. A farko yana canja magana yadda ya ga dama. Daga baya yara suka hana shi. In ya sa wata kalma sabuwa sai ɗaki ya ɗauka cewa ba haka ba ne, ba haka ya ce bara ba. Dole ya koma kan ta bara. Ya taɓa yi mini ƙorafi cewa shi ya ƙirƙiri abu amma an mai da shi ɗan amshi.

Maganganun suka fito daga ɗakin suka shiga bakin mutanen gidan. Wadda ta zo aron ashana sai ta tsaya a ƙofa ta ce ruwa ɗai nika biɗa. Yaron da ya faɗi ba dalili a ce masa mai gashin masara. In ka tambayi inda almakashi yake, amsar da za ka fara samu ita ce tana wurin kafili. Wannan ta kafilin ita ce ta fi tayar da ɗaki duk shekara, don rabin masu dariyar ba su da takardar, umra ta kawo su suka zauna, kuma kowa a cikinsu ya taɓa ganin fitila irin ta ɗan sandan nan a fuskarsa. Suna dariya har da riƙe ciki, in an gama kuma su leƙa lungu kafin su fita.

An sami wanda ya yi magana, ba a rasa ba. Wani daga cikin mutanen Khumra, mutumin kirki mai yawan zuwa karatu, ya ja maigidana gefe ya ce yana tsoron kada abin ya zama taya waɗanda ba Musulmi ba bikinsu. Maigidana ya ce shi ma ya yi tunanin, amma bikinsu ya wuce kafin namu, mu ragowar da za a zubar muke ceto. Mutumin bai gamsu ba, kuma bai ƙara shiga kallo ba. Sai dai kwanonsa bai taɓa fashi ba, duk shekara yana aiko shi a zuba masa miya, ni kuma ina cika masa har baki.

'Yata tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa. Ka yi mata magana da Hausa ta amsa da Larabci, in ta matsa ta yi Hausar sai ta fito a karkace, ƙawayenta su yi dariya, ta ƙara rufe baki. Abin yana damun ubanta fiye da yadda yake nunawa. Ya kan ce ya haifi Balarabiya marar takarda, ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da ta zama budurwa sai ta nemo fim ɗin a waya, da sautinsa da fassarar Larabci a ƙasa, ta zo tana ba mu labarin gaskiya. Ashe mai kabewar makashi ne da ya taso daga kabari. Ba ruwan da yake nema. Ba ya ma magana daga farko har ƙarshe, gurnani kawai yake yi. Ta ce wai a can ƙasarsu ma an yi watsi da fim ɗin lokacin da ya fito, daga baya kuma mutane suka koma taruwa duk shekara suna kallonsa suna dariya, kamar mu.

A shekarar ta sayo wayoyin nan ja da fara ta haɗa. Muka zauna muka ji ihu da wani kiɗa kamar janareto zai mutu. Ba a je ƙofa ta biyu ba Hajiyar ƙasa ta ce a cire, Turawan nan ba su iya labarin ba. Aka cire. Maigidana ya ɗauka daga inda aka tsaya, sai dai na lura ranar bai ja maganar ruwan ba kamar yadda ya saba. Tun daga nan yarinyar ta bar gaba ta koma can ƙarshen gado, ta yi tagumi, ita ta girma. Na ɗauka ta daina sauraro.

Bana ban ma san Oktoba ya ƙare ba. Wata Alhamis bayan la'asar aka buga ƙofa, na buɗe na ga wani ɗan Pakistan yana haki da buhu a kafaɗa. Shi ne sabon direban. Da Larabcinsa da nawa muka fahimci juna, uwar gidan ce ta ce a kawo, kamar kowace shekara. Na yi godiya na ja buhun cikin soro. Na tsaya ina kallonsa ina jiran in ji wani abu, ko baƙin ciki ko haushi. Abin da ya zo mini kawai shi ne gyaɗata ta kusa ƙarewa.

Yara sun ga shigowar buhun, kafin magariba gida ya ɗauka. Hajiyar ƙasa ta hawo, tana hutawa a kowace matakala, ta zauna a bakin gado sai da numfashinta ya dawo, sannan ta tambaye ni ko gobe za a yi. Na ce wa zai yi maganar. Ta ce, "A kunna dai, 'yar nan." Na amsa mata da to. Ba don ina so ba. Ƙin yarda yana bukatar ƙarfi, ni kuma ba ni da shi, ga zafin Jidda ba ya barin yankakkiyar kabewa ta kwana biyu.

Da safe na kankare hayaƙin da kyandir, na fara yanka daga haƙoran kamar yadda na saba. Na sa ƙashi a wuta, na daka gyaɗa, na wanke yakuwa da alayyahu. 'Yata ba ta da aiki ranar. Ta ɗauko barguna ta hau kujera ta rataye a tagogi, ta sauko da na'urar ta goge ƙurar, ta haɗa waya rawaya ita kaɗai. Bayan masallaci mutane suka fara shigowa, ana sallama ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwa. Mutanen Khumra sun zo, kwanon mutumin nan ma ya zo. Ba wanda ya zauna a kujerar roba da ke gefen talabijin, inda maigidana yake zama. Ban zagaya da kwanon silba ba, amma da na waiwaya na gan shi cike da wayoyi a bakin kicin, kowa ya sa tasa da kansa.

Aka kunna. Ni ina tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu, inda nake tsayawa duk shekara. Ƙauyen ya fito, hazon ƙarya ya taso, mai kabewa ya ɓullo daga bayan itace da agogonsa. Ɗaki shiru, sai ƙarar na'urar sanyi. Ban taɓa ganin fim ɗin haka ba, kuma a shirun nan ya fi kowane lokaci zama banza, wani mutum ne kawai cikin rigar zif yana tafiya a hankali. Ya isa ƙofar farko ya ɗaga hannu ya buga. Ya sake bugawa. Wani yaro ya waiwaya ya kalli kujerar roba.

Sai aka ce daga ƙarshen gado, "Salamu alaikum masu gida. Ku buɗe mani, ruwa ɗai nika biɗa."

'Yata ce. Tagumin yana nan, idonta a kan talabijin. Ba karkatacciyar Hausarta ba ce, Sakkwatanci ne tsantsa, da jan wasalin, da gajiyar, da inda yake ɗan tsayawa kafin ya ce ruwa. Ba wanda ya juya ya kalle ta, kamar an haɗa baki. Ta ci gaba. Ta yi mai faskare, ta yi matar da miya ta zube mata, ta kumbura murya ta tambayi iƙama, ta ƙanƙantar ta ce tana wurin kafili, mutanen Khumra suka yi dariya, da farko a ɗarare, daga baya da gaske. Zare ya fito aka yi tafi. Yara suka ƙirga numfashin ɗan sanda. Ko kalma ɗaya ba a gyara mata ba.

Ni ina tsaye ina ji kamar ana yi a gidan maƙwabta. Na ce a raina yarinyar nan ta iya, ashe duk shekarun nan tana ji. Na tuna ban rage wutar tuwo ba, na leƙa na rage na dawo. Har aka zo matakala, hoto ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ta ce a bari ya huta, tsufa ne. Ta yi tari sau biyu.

A tarin nan ne muryar ta dawo. Ba tata ba, tasa. Ta zo mini gaba ɗaya, da kaurinta da ɗan shaƙewar da take yi in ya sha ruwan sanyi, har da yadda yake sallama ranar Alhamis tun yana tsakiyar bene don in san shi ne. Na dafa bango. Daga nan har ƙarshe bakin yarinyar ne yake motsi amma shi nake ji. Aka tura mai kabewa cikin tafki, hayaƙi ya tashi, ya yi hamdala, ya tambaye su ko don wannan ɗan abin suka wahal da shi.

Na san abin da ke biye, kowa ya sani. Sannan ta juyo, karo na farko tun da aka fara, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Kano, shi an ba shi ruwa, mu a ba mu tuwo."

Ɗakin duka ya juyo. Yara suna murmushi suna jiran tawa, don a wajensu fim bai ƙare ba sai na faɗa. Na buɗe baki na ce, "Ƙafarka ce ke ciwo," sauran ya maƙale. Na tsaya ina jiran ya taso daga kujerar roba yana dariya yana ɗingishin ƙarya, kamar yadda yake yi, ya zo ya karɓi tiren. Kujerar tana nan ba kowa. Lokacin na san ba ya Abhur.

Na koma kicin na tura ƙofa na sa sakata, na zauna a ƙasa kusa da tukunyar gas. Abin da bai zo ba ranar da aka kawo leda, bai zo ba duk tsawon takaba, ya zo yanzu da mutane cike da ɗaki da tuwo a kan wuta. Na cusa gefen mayafina a baki amma na san ana ji. Na ji Hajiyar ƙasa tana cewa yara su zauna, ba inda tuwo zai gudu. Na ji an kashe talabijin.

Can aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin a hankali. Ban motsa ba. Aka sake bugawa. Sai na ji ta, ba da Larabci ba, ba kuma da muryar ubanta ba, da tata Hausar karkatacciya wadda take jin kunyar yi a gaban mutane.

"Ummi, ki buɗe mini."

Na miƙa hannu na zare sakatar.